Layin nan fari da ka gani a talabijin ɗin tsoho, albishir ne

Wa alaikumus salam ƙanena. Allah shi jiƙan tsoho, shi gafarta mishi, shi sa can ta fi mishi nan. Na karanta tambayarka har sau biyu. Ka ce kuna gyaran ɗakin marigayi nan Mabera kunka tarar da talabijin biyu, ɗaya irin ta da ce mai akwatin katako da ƙyaure da ake ja a rufe fuskar, baƙi da fari, ɗayar kuma mai kala ce inci 21 mai doro, duk sun haura shekara 20 ba wanda ya kunna. Ka jona ta katakon, ta jima shiru sannan sifika ta fara shuuu, wani layi fari tas ya fito kwance a tsakiyar gilashi, sai ka ji ƙauri ka yi maza ka zare. Mai kalar kuwa ba ta kawo komai ba sai tik-tik-tik. Mai gyara guda ya ce ka ba 'yan gwangwan ka huta, wani ya ce a kwashe kayan ciki a sa chaina bod, wato sabon fanel ɗan China da ke maye gurbinsu, kai kuma ta katakon ce ranka ke so don gabanta kunka tashi.

To wallahi da na kai wurin layin nan sai da na yi murmushi, don a sana'armu in anka kawo maka tsohuwar talabijin ta nuna wanga layi to ka fara godiya ga Allah. Ka san mi yake nufi? Kafin layin nan shi fito sai kwalbar hoto, wadda mu masu gyara muke ce ma tub, tana nan da ranta iska bai shige ta ba, sai hitar da ke wuyanta ta kama, sai flaybak, wato tiransifomar da ke ɗaga ma tub wuta, ya ba da babbar wutar nan mai dubban bolt, sai kuma sashen da ke jan haske daga hagu zuwa dama yana aiki. Duk waɗannan sun amsa sallama. Abu guda ne ya kwanta, wato sashen batikal mai jan hasken daga sama zuwa ƙasa. Hoton da kake gani a irin wagga talabijin ɗigon haske guda ne tal yake gudu, yana ratsa gilashin sau 15,625 a daƙiƙa, ana kuma sauko da shi daga sama zuwa ƙasa sau 50 a daƙiƙa, ido ne ke haɗa shi ya zama hoto. Yanzu taka ta koma kamar mai huɗa da ya tsaya kan kunya guda yana ta kai da kawowa bai matsa ta gaba ba. Kuma nan haɗarin yake, don hasken da ya kamata a raba ma layi ɗari shida da wani abu duk ya taru wuri guda, in ka bar ta a kunne sai shi ƙone farin shafen da ke cikin gilashin, tabo baƙi shi zauna nan har abada, ba mai gyaran da ke iya goge shi. Saboda haka kar ka sake jona ta, ko don ka nuna ma wani.

Dalilin da ya sa nake ta nanata maganar tub, ita kaɗai ce ba ta da madadi. Razista, kafasita, taransista, waya, duk ana samu ko a yi dabara, in babu nan Sakkwato a aika Sabon Gari ta Kano ko Alaba a Legas. Amma tub an daina ƙera ta, wadda ta rage a duniya ita ke nan, kullum kuma 'yan gwangwan suna fasa su don ɗan jan ƙarfen da ke naɗe a wuya.

Jinkirin da ta yi kafin murya ta zo shi ma ya gaya mini wani abu. Talabijin mai taransista zalla kana kunnawa murya ke zuwa, hoto ne ke biyo baya. Wadda ke yin shiru na rabin minti ko fiye kafin ko shuuu ta yi, to akwai bawul a cikinta, 'yan kwalaben nan masu jan haske kamar garwashi, sai sun ɗauki zafi suke aiki. Ko dai bawul ce zalla ko kuma gauraye, rabi bawul rabi taransista, irin waɗanda anka yi ta shigowa da su kusan lokacin kuɗin Udoji, ƙarin albashin nan na tsakiyar shekarun 1970, sa'adda ma'aikata sunka yi ta sayen rediyo da babur da talabijin. Lokacin baƙi da fari ce talabijin ɗin kowa, kala ma a Jos anka fara ta a 1975, NTA kanta sai 1977 anka kafa ta. Ka leƙa ta ramukan murfin baya da tocila, ba sai ka kwance ba, in ka hango kwalabe tsattsaye kamar 'yan kwalaben turare to maganata ta tabbata.

In haka ne, ka saurare ni da kyau a nan don maganar rai ce. Da yawa daga masu bawul ba su da tiransifoma ta shigar wuta, wayar soket guda kai tsaye take haɗe da ƙarfen da kayan ke zaune a kai, ya danganta da yadda filogi ya shiga da yadda anka ja wayar gidanku, sai ka tarar ƙarfen gaba ɗaya yana ɗauke da wuta 230, kana taɓawa ƙafarka a ƙasa shi ke nan. Wagga ita ke kisa, ta fi babbar wutar tub haɗari ko da yake mutane waccan suka fi tsoro. Ita kuma ta tub, a baƙi da fari tana kai dubu goma sha wani abu, a mai kala inci 21 wajen dubu 25, kuma tub tana riƙe ta bayan an zare filogi, wani lokaci har kwanaki. Ina yaron shago na taɓa kai hannu ƙarƙashin robar nan mai kama da faifai da ke manne a jikin tub, talabijin ɗin tun jiya take kashe, abin da na sani kawai gwiwar hannuna ta daki kantar bayana, fatar bayan hannu ta tsage a gefen ƙarfe, maigidana ko kallona bai yi ba ya ce gobe ma ka ƙara. Ba wutar ce ta ji mini ciwo ba, fizgar ce, kuma da wuyan tub na doka da an yi asarar kayan mutane. Yadda muke sauke ta, a zare filogi, a ɗaura waya jikin sukudireba mai mariƙin roba, ɗaya bakin a maƙala ga wayar azurfar nan da ke kewaye bayan tub, hannu guda a aljihu, a zura bakin sukudireba ƙarƙashin robar har a ji ƙyas, a jira minti guda a sake, don tana dawowa. A mai kala kuma akwai babbar kafasita kusa da shigar wuta mai riƙe bolt 300 da 'yan kai, ita da ƙwan lantarki muke sauke ta. Na faɗa maka ne don ka gane ko wanda za ka kai ma ya san aikinsa, ba don ka je ka gwada ba. Wanda ka ga ya kai hannu ciki bai yi haka ba, ɗauki kayanka.

Aikin farko ba na ayan ɗin liƙi da dalma ba ne, na burushi ne. Shekara 20 ta ƙurar hunturun Sakkwato tana ciki, ga saƙar gizo, ga kashin kusu, ga zanzaro da ke son gina ɗakinsa jikin flaybak, na sha ciro busasshiyar tsaka kwance kan ƙafafun taransista ita ce ma ta kashe talabijin ɗin. Ƙura in ta bushe ba ta cika damuwa ba, amma damina na shigowa ta sha laima sai ta zama hanyar wuta, ka ji tsss-tsss daga baya da wani wari kamar na bayan walƙiya. A share da burushin fenti mai laushi da bulowa a hankali, a goge kewayen robar tub da sifirit, amma baƙin shafen da ke bayan tub kar a kankare shi da sunan datti, aiki yake yi. Kuma kar a yi ta murɗa 'yan sukurorin da ke cikin ƙananan gwangwanayen fanel, saitin kamfani ne, yaran shago suna son murɗa su, in sun tashi daga wurinsu maido su sai da na'ura.

Ƙaurin da ka ji kuwa, da ka faɗa mini irinsa da na rage zato. In na ƙura ce da ta hau abu mai zafi, ba komai, kowace mai bawul tana yinsa in ta daɗe. In kamar kyandir ne ke narkewa, kafasitocin takarda ne masu shafen kaki, waɗannan ba a ma tsaya gwada su, tsufa ya sa suna yoyon wuta, canza su ake yi. In kuma wari ne mai tada zuciya kamar ruɓaɓɓen ƙwai, to rektifaya ce irin ta da mai faranti-faranti, hayaƙinta guba ne, a buɗe taga, a sa diyod a madadinta tare da razistar da za ta rage wutar, don sabon diyod ya fi ta sakin wuta.

Bayan shara, ba a jona ta kai tsaye. Ƙwan lantarki ake sakawa a tsakani, a yanke wayar wuta guda a ratsa ta cikin ƙwai kafin ta kai talabijin, kuma dole irin ƙwan da ne mai zare a ciki mai zafi, ba enaji ba ba LED ba, yanzu ya yi wuya amma wajen masu kiwon kaji ana samu don da shi suke ɗumama 'yan tsaki. Wat 100 ya isa mai kala, mai bawul ta fi ci sai a haɗa biyu gefe da gefe. In ƙwan ya haska ya dushe, lahiya. In ya tsaya da haske tar, akwai shot a ciki, kuma ƙwan ne ya shanye wutar maimakon kayan su ƙone. Wani amfanin kuma, manyan kafasitocin da sunka yi shekaru ba wuta suna farfaɗowa in an ba su kaɗan-kaɗan, kamar mai buɗa baki ne, da ruwa da dabino ake farawa ba da tuwo ba. Kai ka ba ta tuwo kai tsaye, Allah ya taimake ka ba ta fashe ba.

Sai a zo kan layin. A rage haske har sai da ƙyar ake ganinsa, sannan a bi sashen batikal. A irin na Turai bawul ɗin wurin yawanci PCL85 ne ko PCL805, na Japan lambobinsu daban. Mutane suna ganin bawul sai su ce shi ne ya mutu, ni kuwa a abin da na gani a benci bawul ya fi kayan da ke kewaye da shi tsawon rai. In shafen azurfar da ke cikin kansa yana nan da ƙyalli to iska bai shiga ba, in ya koma fari kamar alli shi ke nan ya tahi. Kafin a zarge shi a ciro shi a goge ƙafafun a maida, tsatsar soket kaɗai tana kawo wanga layi. A auna razistar da ke kai wuta ga maɓallin tsayin hoto, tana son hawa sama da ƙimarta har ta yanke, a duba shi kansa maɓallin, a sa mita kan naɗin batikal na yok, wato naɗin jan ƙarfen nan da ke wuyan tub, da na 'yar tiransifomar batikal a ga ba su yanke ba. In tiransifomar ce ta yanke to aiki ya ɗan yi tsawo, sai an samo ta jikin wata matacciya ko a ba masu naɗin koyil. In kuma sashen na taransista ne, dalmar ƙafafu ce ke tsagewa saboda zafi da sanyi, sai ka ga zobe siriri kewaye da ƙafa, wani lokaci da ka ɗan ƙwanƙwasa fanel da mariƙin sukudireba hoto ke buɗewa fal. Shi ya sa iyayenmu ke marin talabijin ta dawo, ba tsafi ba ne.

Kafasitocin da za a sa, ka ce a sa masu lambar 105 ba 85 ba, lambar zafin da suke jurewa ce. Ƙa'idar da masu ƙera su ke bayarwa ita ce duk ƙarin zafi digiri 10 yana raba kwanansu biyu, to kai lissafa watan Afrilu a garin nan da zafi ke wuce 40 a inuwa, ga kwanon rufi, ga zafin cikin akwati. Kuma a riƙa canzawa ɗaya-biyu ana gwadawa, wanda ya kwashe talatin lokaci guda in ya juya ƙafar ɗaya bai san inda zai nema ba.

Mai kalar ba zan daɗe kanta ba don ciwonta sananne ne. Tik-tik ɗin nan fawa ce, wato sashen da ke raba ma kayan ciki wuta, ke yunƙurin tashi tana jin shot tana komawa. Mafi yawa taransistar layi ce, mai jan haske daga hagu zuwa dama, ta ƙone, babbar nan da ke kan faranti kusa da flaybak, irin su D1555 ko D2499 ko BU508, mita na nuna ta nan take. Sai dai ba ta mutuwa haka kawai, wani abu ke kashe ta, ko kafasitar nan mai bolt 1600 da ke gefenta ta tsage, ko dalmar 'yar tiransifomar da ke tura ta ta saki, ko flaybak ya yi shot, ko wata 'yar ƙaramar kafasita a fawa ta bushe wuta ta hau. Mai gyaran kirki zai cire ta, shi rataya ƙwai wat 60 a layin wutar da ke zuwa gare ta, shi auna, wutar ta tsaya inda kamfani ya ce, galibi tsakanin bolt 110 da 135, kafin shi sa sabuwa. Kuma jabu sun cika kasuwa, lamba daidai ciki fanko, minti biyar ta tahi, ni na fi yarda da wadda na ciro daga tsohon fanel. In ta tashi ka ga dabbare-dabbaren kala a kusurwa, shuɗi nan kore can, kar a ce maka tub ce, maganaɗisu ne, ko an ajiye sifika kusa da ita ko fozista ta mutu, 'yar baƙar aba ce mai araha da ke sa a goge maganaɗisun tub duk sa'adda anka kunna. Siraran layuka farare a karkace kuma, kafasitar layin bolt 200 ce ko maɓallin sikirin na jikin flaybak ya yi yawa. Alamar tub da ta gaji daban take, hoto dishi-dishi, sai ta yi minti goma kafin ta washe, in an ƙara haske fuskokin mutane su yi ƙyalli kamar an shafa musu man kaɗe. Masu ƙara ma hita wuta don hoto shi fito, wata biyu-uku ne ta mutu gaba ɗaya, ban yin haka sai ga wadda dama ta gama.

Chaina bod fa? A mai kala, in babban IC, ƙwaƙwalwar fanel, ya mutu an nema an rasa, ba laifi, ya fi a zubar, amma hoton ba ya kai na asali kuma sai an yi fama kafin shi cika gilashi daidai. A ta katakon kuwa ko kusa, don tub mai kala anka yi shi, wanda ya ce zai sa maka shi a baƙi da fari ko bai gane ba ko kayan cikin yake so. In ma za a sa a mai kalar ka karɓi tsohon fanel ɗinka ka ajiye.

Saura abin da za ta nuna in ta tashi, don nan mutane ke karaya. Ƙasar ta kama hanyar dijital tun da anka fara a Jos a 2016, kar ka dogara da eriyar kan rufi. Mai kala tana da ramukan AV, rawaya da fari da ja, dikoda za ta shiga kai tsaye. Ta katakon ramin eriya kaɗai gare ta, sai ka nemi 'yar na'urar da ake ce ma modileta, tana karɓar AV ta maida shi kamar tasha. Ka duba maɓallin tasha, in mai ƙas-ƙas ne daga 2 zuwa 12 kawai to VHF ce, modiletar ma ta zama mai VHF, tsohon bidiyo mai kaset yawanci wajen tasha 36 yake fitarwa a UHF, ba za ta gan shi ba. In bayanta sukurori biyu ne maimakon rami, akwai 'yar mahaɗa da ke haɗa wayar modileta da sukurorin. Kowace ƙasa da tsarin talabijin nata, na Najeriya PAL B/G ne, murya a megahaz 5.5, wadda anka yi don Ingila tana kan 6.0, wadda ta shigo ta Illela daga Ƙonni kuma tana iya zama ta tsarin Nijar, SECAM mai 6.5, irin waɗannan sai ka ga hoto garau murya kuwa sai shuuu, modileta mai zaɓi tana warware wannan. Amma kar ka yarda wani ya ce zai huda mata ramin AV shi jona waya kai tsaye cikin fanel, in mai wuta a ƙarfe ce wutar za ta biyo wayar har jikin dikoda da dish, yaro shi taɓa. A duba kuma ko tana da maɓallin 110 da 220 a baya, kayan da alhazai ke dawowa da su da yawa suna da shi. In ta gyaru a ba ta sitabilaiza tata, kar a ɗora ta kan ƙaramin janareto mai hawa da sauka.

Wurin ɗauka mutum biyu, gilashi yana kallon cikin mai ɗauka don nauyin duk gaba yake, kar a kwantar da ita kan bayanta, wuyan tub siriri ne, in ya tsage za ka ji fiii iska na shiga, daga nan sai dai akwatin shi zama kabad. In a Keke ne a shimfiɗa katifa ka zauna ka riƙe. Katakon ka duba ƙasansa ko gara ta shiga, a goge da ɗan tsumma da man katako kawai, kar kafinta shi rinjaye ka a yi mata fenti.

Yanzu abin da nake so, ka ɗauko mini hoton takardar da ke manne a murfin baya inda lambar model da bolt suke, da wani hoton ta ramukan iska da tocila, da na wurin eriya, ka kuma tuna irin warin da ka ji. Kafin nan ka naɗe bakin filogin duka biyun da salatif ka ɗaure wayar a baya, gidan rasuwa yara ba su ƙarewa, wani zai zo shi jona.